Alajin Bununi da Ciyawa a Karnukan Gida: Matsalar Gano Shi a Yanayin Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta duba ƙaiƙayin fata da bununin tsirrai, musamman na ciyawa, ke tayar wa karnuka a wani yanki na shekara. Ta bi tarihin gano cutar da hanyar da take kama jiki, sannan ta tsaya a kan batu guda: ma'aunan da likitocin dabbobi ke dogaro da su an gina su ne bisa yanayi da tsirrai da irin zaman kare na ƙasashen sanyi. A ƙasar Hausa, lokacin da ciyawa ke fure ya zo daidai da lokacin ƙuma da kaska da ƙuda da danshi. Don haka dawowar ƙaiƙayi a wata guda kowace shekara alama ce kawai, ba ta kai matsayin hujja ba.

1.0 Gabatarwa

Kare ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mafarauci na da shi, makiyayi na da shi, mai gadi ma haka. Abin da ya sauya shi ne irin karen da irin zaman da yake yi. A unguwannin masu hali na Kano da Kaduna da Jos da Abuja da Yamai, yanzu ana ajiye karnukan waje irin su Alsatian da Rottweiler da Boerboel da Lhasa, an saye su da tsada, ana ba su abincin buhu, ana kai su asibiti in sun yi ciwo. Ƙorafin da masu su ke yawan zuwa da shi kusan ɗaya ne: kare na ta susa, yana lasar ƙafa dare da rana, an yi masa wankan kaska amma bai daina ba.

A Turai da Amurka, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na karnuka ke fama da alajin fata mai nasaba da muhalli. Wani ɓangare na waɗannan, bununi ne ke tayar musu da ciwon, wato garin nan mai laushi da furen namiji ke saki iska ta ɗauka, wanda manomi ke gani a kan gero da dawa da masara in sun fitar da kai.

2.0 Yadda aka gano cutar

A 1873 wani likita a Manchesta ta Ingila, Charles Blackley, ya tabbatar da cewa bununi ne ke haddasa murar da ke addabar wasu mutane lokacin yankan ciyawa. A jikinsa ya yi gwajin, yana shafa bununi a fata da hanci. A 1941 wani likitan mutane a Amurka, F. W. Wittich, ya wallafa rahoton kare da ke kamuwa da irin wannan ciwo duk kaka saboda bununin wani haki mai suna Ambrosia a ilimin tsirrai. Ya gwada fatar karen, ya kuma yi masa allurar sabo da bununin, aka ga sauƙi. Sinadarin garkuwar jiki da ke tsakiyar lamarin, IgE, an gano shi a jikin mutum tsakanin 1966 da 1967, sannan Richard Halliwell da abokan aikinsa suka bayyana na kare a farkon shekarun 1970.

Shekaru da dama bayan haka an ɗauka ta hanci bununi ke shiga jikin kare, kamar yadda yake yi wa mutum. Gwaje-gwajen da Rosanna Marsella ta yi a Jami'ar Filorida a kan karnukan Beagle, waɗanda aka wallafa a tsakiyar shekarun 2000, sun nuna cewa abin da ya taɓa fata kai tsaye shi ya fi tayar da ciwon kuma ya fi sa shi daɗewa. Wannan ya bayyana abin da kowane likita ke gani a asibiti: mutum mai alajin ciyawa atishawa yake yi, kare kuwa ƙafa yake lasa.

3.0 Abin da ke faruwa a fata

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar kare mai wannan cuta bango ce da ta tsage tun asali. Maiƙon da ke manne ƙwayoyin saman fata da juna ya yi ƙaranci, ruwa na fita fiye da kima, furotin ɗin bununi kuma na samun hanyar kutsawa. Garkuwar jiki sai ta ɗauki wannan baƙo marar cutarwa a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa IgE. Shekara ta zagayo, bununin ya dawo, kumburi ya tashi.

A 2013 aka tabbatar da rawar wani sinadari da ƙwayoyin garkuwa ke fitarwa, IL-31, wanda ke zuwa kai tsaye ga jijiyoyin fata ya tayar da ƙaiƙayi. Histamin, wanda shi ne jigo a murar alaji ta mutum, rawarsa ƙarama ce a nan. Shi ya sa mai kare zai sayi Piriton a kemis ya yi ta bayarwa, karen ya yi ɗan barci, ya farka ya ci gaba da susa.

Susa na ƙara tsaga fatar. Daga nan ƙwayoyin da ke zaune a jikin kowane kare lafiya lau, bakteriya Staphylococcus pseudintermedius da yis Malassezia pachydermatis, sai su yi yawa. Su ne ke kawo ƙuraje masu mugunya da warin nan mai tsami da maiƙon kunne, su kuma ƙara nasu ƙaiƙayin a kan na farko. Abubuwan da ke sa susa taruwa suke yi: kare na iya jure bununi shi kaɗai ba tare da an ga komai ba, amma in ƙuma ta ƙaru a kai, sai ciwon ya fito fili. Gado ma na da hannu. Wani bincike a kan karnukan jagorar makafi na Birtaniya, jinsin Labrador da Golden retriever, wanda aka wallafa a 2004, ya ƙiyasta cewa kusan rabin haɗarin kamuwa daga iyaye yake. Masu haɗa barbara don sayar da 'ya'ya ya kamata su ji wannan, domin kare mai lasar ƙafa ba abin hayayyafa ba ne komai kyan surarsa.

4.0 Alamomi da ma'aunin Favrot

Ciwon kan fara ne tsakanin wata 6 da shekara 3 da haihuwa. Wuraren da yake kamawa sanannu ne: dagi da tsakanin yatsu, kewayen ido da baki, cikin fatar kunne, hammata, ƙasan ciki da matsematsi. Da farko ƙaiƙayi ne kawai ba ƙurji. Sai ja ya biyo baya, gashi ya rine ya koma launin tsatsa saboda yawan lasa, in an daɗe kuma fatar ta yi kauri ta yi baƙi. Ciwon kunne da ke tafiya yana dawowa sau da yawa shi ne alamar farko. Karnuka da dama da suka fara da ciwon wata biyu a shekara, bayan 'yan shekaru sai ya zame musu na kullum.

Babu gwajin jini ko na fata da ke tabbatar da wannan cuta. Ana gano ta ne ta hanyar kore sauran cututtuka da duba tarihin kare. Don taimaka wa likita, Claude Favrot na Jami'ar Zurik da abokan aikinsa sun wallafa ma'auni a 2010, bayan nazarin karnuka sama da dubu daga ƙasashe 15. Sharuɗɗa takwas ne: ciwon ya fara kafin shekara 3, kare ya fi zama cikin ɗaki, ƙaiƙayin na jin maganin sitiroyid, yis na yawan dawowa, ƙafafun gaba sun kamu, fatar kunne ta kamu, bakin kunne bai kamu ba, gadon baya zuwa gindin wutsiya bai kamu ba. In aka ce sai kare ya cika biyar, ma'aunin na kama kashi 85 cikin ɗari na masu cutar, amma yana kuskuren ɗora ta a kan kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda wani abu dabam ke damu.

Sharaɗi na biyu ya kusa zama banza a wurinmu. Bahaushe, ko da ya sayi kare da tsada, a tsakar gida ko keji yake ajiye shi, ba ya kwana da shi a ɗaki. Ke nan yawancin karnukanmu sun rasa maki ɗaya tun kafin a duba su. Sharaɗi na bakwai ma na da tangarɗa, kamar yadda za a gani.

5.0 Kalandar littafi da kalandar ƙasarmu

Littattafan da muka karanta sun raba shekara uku. Itatuwa na sakin bununi bayan sanyi ya wuce, ciyawa a farkon zafi, haki a kaka. Ƙwarin ƙurar ɗaki kuwa, waɗanda ido ba ya gani, an ce duk shekara suke damun kare. Daga nan aka samo ƙa'idar da ɗalibi ke haddacewa: ciwo mai lokaci na bununi ne, ciwo marar lokaci na ƙwarin ƙura ne ko na abinci. Wannan ƙa'ida ba ta tsallako Sahara lafiya ba.

A Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, ruwa na sauka ne daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, marka a Agusta. Manyan ciyayin yankin, gamba da kyasuwa da ƙarangiya da harkiya, suna fure ne daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, lokacin da gero da dawa da masara ma ke sakin nasu bununin. Dukkansu iska ce ke yi musu barbara, shi ya sa suke zubar da shi da yawa. Itatuwa irin su mangwaro da darbejiya, da ƙwari ke ɗaukar musu bununi, ba sa cika iska haka, ko da yake su mai gida ke fara zargi saboda furensu ake gani. Binciken da aka yi a kan bununin da ke yawo a iska a Nsukka da Legas da Abuja ya sami na dangin ciyawa cikin waɗanda suka fi yawa.

To, matsalar ita ce wannan lokaci ba na bununi ba ne shi kaɗai. Danshin damina shi ke raya ƙuma, kuma alajin cizon ƙuma na cikin manyan dalilan susa a kare a duniya. Kaska na ƙaruwa. Ƙudan da ke cizon kare na cinye bakin kunne har ya yi jini, sai kare mai alajin bununi na gaskiya ya faɗi sharaɗin Favrot na bakwai saboda ciwon da ba shi da alaƙa da alaji. Tsutsar ƙudan Cordylobia na shiga fatar karen da ke kwanciya a ƙasa. Tsutsar ciki mai ƙugiya na huda dagi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta sa lasar ƙafa da ba a iya bambanta ta da ta alaji da ido. In kaka ta yi, ƙarangiya ta bushe ta maƙale tsakanin yatsu, tsinken ciyawa ya shiga kunne, ƙurar sussuka da casa ta cika unguwannin gefen gari. Waɗannan suka da gurza ne, ba ruwansu da garkuwar jiki, amma mai kare abu ɗaya zai ce: duk ƙarshen damina yake yi masa.

Akwai wani batu da nake ganin ya cancanci a bincika shi da kyau. Ƙwarin ƙurar ɗaki, irin su Dermatophagoides farinae da Blomia tropicalis na ƙasashen zafi, daga iska suke samun ruwa, kuma ba sa bunƙasa in danshi ya daɗe ƙasa da kashi 50 cikin ɗari. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, danshi na hawa sama sosai a marka, ya faɗi warwas a hunturu. Hankali na nuna cewa yawansu zai riƙa hawa da sauka tare da damina. In haka ne, alajin da littafi ya kira na duk shekara zai iya zuwa mana da fuskar ciwo mai lokaci, kuma a daidai watannin da ake zargin ciyawa.

Kishiyar haka ma na faruwa. Kiri-kiri, Cynodon dactylon, na cikin ciyayin da aka fi sani da haddasa alaji a ƙasashen zafi, kuma ita ake yawan shimfiɗawa a farfajiyar manyan gidaje da filayen wasa. Inda ake yi mata ban ruwa, tana iya fure bayan damina ta ɗauke. Kare da ke birgima a kanta kullum zai yi ciwon ciyawa marar lokaci.

Sai hunturu, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, da ƙurarsa da ke tasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi. Busasshiyar iska na ƙara tsotse ruwan fatar da dama ba ta riƙe ruwa. Kare mai alaji na iya taɓarɓarewa a wannan lokaci ba don sabon bununi ba, sai don fatarsa ta ƙara tsagewa.

6.0 Gwaji da iyakarsa

Kafin a ambaci alaji, dole a kankare fata a duba ta a madubin likita don ƙazuwa iri biyu, Sarcoptes da Demodex. Ta farko na son bakin kunne da gwiwar hannu, tana kama mutanen gida, kuma sau da yawa ba a ganinta a kankara, don haka a yi maganinta in akwai zato. A kashe ƙuma da kaska a jikin duk karnukan gidan da wurin kwanansu. A duba bakteriya da yis a magance su. In ƙaiƙayin na duk shekara ne, a sauya abinci na mako 8. Abin da ya rage bayan wannan duka, shi ake kira alajin muhalli.

Gwajin allurar cikin fata da gwajin IgE a jini aikinsu ɗaya ne, zaɓen abin da za a sa a allurar sabo. Karnuka masu lafiya da yawa na nuna sakamako mai cewa akwai alaji, musamman a gwajin jini, inda wani sukari da ke jikin furotin ɗin tsirrai da dama ke sa kusan kowane bununi ya fito da alamar kamu. Gwajin gashi da miyau da ake tallatawa a intanet kuwa, masu bincike a Amurka sun aika da gashin roba da ruwa a matsayin samfuri, aka dawo musu da jerin abubuwan da wai ke damun karen. Wannan ya isa bayani.

Ko gwaji mai inganci na da gibi a wurinmu. Kamfanonin Turai da Amurka daga tsirran ƙasashensu suke zaɓen jerin da suke gwadawa, inda ciyayi irin su Phleum da Lolium ke kan gaba. Gamba da kyasuwa da tofa da gero da dawa wani reshe ne dabam na dangin ciyawa, kiri-kiri ma reshenta dabam. Aikin Janet Davies a kan mutane a jihar Kwinsland ta Ostireliya ya nuna cewa furotin ɗin bununin ciyayin ƙasashen zafi ya sha bamban da na ƙasashen sanyi, har gwaji da ɗaya ba ya wakiltar ɗayan sosai. Likitan da ya aika jini waje ya nemi jerin da ke ɗauke da kiri-kiri da Sorghum halepense, 'yar'uwar dawa, ya kuma auna sakamakon da abin da ke tsirowa a gidan da karen yake.

7.0 Magani

Cutar ba ta warkewa, sarrafa ta ake yi, kuma gara a faɗa wa mai kare haka tun ranar farko, in ba haka ba zai yi ta sauya asibiti. Tunda ta fata bununi ke shiga, ruwa shi ne magani mafi araha: wanke ƙafafu da ƙasan ciki bayan yawo, wanka sau ɗaya a mako da ruwa mai ɗan ɗumi da shamfu marar zafi, yanke ciyawar farfajiya kafin ta yi kai. Sabulun wanki da baƙin mai da maganin feshin gona, waɗanda har yanzu wasu ke shafa wa kare, ƙona fata suke yi, na ƙarshen kuma na iya kisa.

Jagorar da kwamitin ƙasa da ƙasa kan cututtukan alaji na dabbobi, ICADA, ya sabunta a 2015 ta amince da firedinisolon, miligiram 0.5 a kowane kilo sau ɗaya ko biyu a rana, a riƙa ragewa da zarar an ga sauƙi. A ganina, ga kare da ciwonsa bai wuce wata biyu ko uku a shekara ba, wannan zaɓi ne mai hankali, ba abin jin kunya ba. Ɓarnar tana cikin allurar sitiroyid da ake maimaitawa wata bayan wata ba tare da an duba fata ba, har kare ya koma yawan shan ruwa da fitsari, ciki ya kumbura, Demodex ta ɓarke. A yankin da cututtukan kaska irin su Ehrlichia da Babesia suka yi yawa, danne garkuwar jiki ba abin wasa ba ne.

Apoquel, da aka amince da shi a Amurka a 2013, na toshe saƙon IL-31 kuma yana aiki cikin kwana ɗaya. Ana ba da miligiram 0.4 zuwa 0.6 a kowane kilo sau biyu a rana har kwana 14, sannan sau ɗaya, kuma ba a ba kwikwiyo da bai kai wata 12 ba. Cytopoint, allurar da ke kama IL-31 ɗin kansa, na ɗaukar mako 4 zuwa 8, amma tana buƙatar firji tun daga kamfani har asibiti, sharaɗin da wutar lantarkinmu ba ta cika cikawa ba. Atopica na buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ya kama, don haka bai dace da ciwon da ya riga ya tashi ba. Allurar sabo ita kaɗai ke sauya halin garkuwar jiki, kusan kashi biyu cikin uku na karnuka na amfana, amma sai an yi shekara kafin a yanke hukunci a kanta, kuma amfaninta ya rataya ne a kan an zaɓi bununin da ya dace.

8.0 Aikin da ke gabanmu

Na'urar da J. M. Hirst ya ƙera a Ingila a 1952 na zuƙar iska lita 10 a minti ɗaya, tana manne bununi a jikin gilashi mai danƙo don a ƙirga shi a madubi. Ba ta fi ƙarfin jami'a ba. In aka kafa irinta a tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri da cibiyar bincike ta Vom, tare da sassan ilimin tsirrai, aka bar su shekara biyu ko uku, za a sami kalandar bununi da likitan kare da likitan asma duka za su yi aiki da ita. A haɗa da ƙirgar ƙwarin ƙura daga shimfiɗar karnuka a Agusta da Fabrairu, don a gwada zaton da aka kawo a sashe na biyar.

Kafin nan, kowane asibiti na iya farawa da kati. A ba mai kare takarda mai watanni 12, ya riƙa sa maki daga 0 zuwa 10 kowane mako gwargwadon susar da ya gani, ya rubuta ranar da aka yi maganin ƙuma, ranar ruwan farko, ranar da aka yanke ciyawa, da ranar da hunturu ya shigo. Sharaɗin shi ne maganin ƙuma da kaska kada ya yanke ko wata ɗaya a tsawon shekarar, domin in ya yanke, katin ƙuma zai riƙa aunawa.